Wanda Ya Saya Shi Zai Ɗaura

Xiaobei, Guangzhou
Fabrairu, 2008

Zuwa ga Yaya Mero,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya jikin Baba, ya kuma tsoron da kuka sha? Ƙaninki dai yana nan ƙalau, sai sanyi da shinkafa marar gishiri.

Tun da kika gaya mini a salula cewa tirelar dankalin da Baba ke ja ta tura akori-kurarsa cikin rami a Hawan Kibo, ban daina tunanin abin ba. Allah ya taƙaita, buhuna kawai aka yi asara. Amma na san tsohon nan. Ba zai taɓa cewa ƙafarsa ce ta yi nauyi a kan birki ba, cewa zai yi gwamnati ce ta bar hanya ta lalace. Kuma ni da ke mun sani, ranar da aka karɓe masa makullin mota, ranar aka gama da shi. Shi ya sa ban ce a hana shi tuƙi ba, na shiga neman dabara.

Ga inda matsalar take. Ƙaramar tirelar da yake ja ba ta da birkin kanta. A gangara mota na ƙoƙarin tsayawa, ita kuwa tana ingiza ta daga baya kamar fasinjan da ya makara. Na zaga kasuwar kayan mota ta garin nan kaf, kowane shago "meyo, meyo", wato babu. Sai a wata ƙaramar masana'anta a Panyu na samu. Lawban ɗin, mai wurin ke nan, ya ce shi ba ya sayar da ɗai-ɗai, sai kwali-kwali. Na gyara zaman hula, na ce masa ni ne wakilin direbobin Afirka ta Yamma gaba ɗaya, samfur nake so in kai wa manya su gani. Ya ba ni shayi, ya ba ni taba da ba na sha, ya ba ni kayan. Har yau yana jiran oda, Allah ya ba shi haƙuri.

Abokina Alhasan, wanda muke shago ɗaya, zai zo Kano, shi zai sa muku kayan a motar Jos. Manyan biyun gangunan birki ne masu aiki da lantarki, na tayoyin tirela. Ƙaramin akwatin kuwa, mai girman sabulun wanki, shi ne sarkin. A ɗaura shi ƙarƙashin sitiyari ta hannun dama, a daidaice, kada ya karkace. Kafin a taɓa komai a cire kan batir. Wayoyinsa huɗu ne: baƙa ta tafi batir ta bi ta fis, fara ta kama jikin mota, ja ta shiga makunnin fitilar birki da ke saman abin takawa, shuɗiya kuma ta bi ƙarƙashin mota har baya ta sadu da tirela. Da Baba ya ɗan taɓa birki, akwatin zai ji, ya kama tirela. Akwai kuma ɗan maɓalli a jikinsa da ake turawa da yatsa, ko ƙafa ba ta kai ba hannu zai kai.

Ki ce masa ɗansa na Sin ya aiko masa da ƙafa ta uku. Ki gaishe shi, ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Ƙasimu

*

Gangare, Jos
Maris, 2008

Ƙasimu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Kaya sun iso, an gode.

Gangunan kam, Baba ya zauna a kan benci ya sa makanike ya ɗaura su a gabansa, yana yi yana masa faɗa. Amma da aka zo kan ƙaramin akwatin sai ya karɓe shi, ya juya shi, ya sa na karanta masa takardarka tun daga farko. Ya yi dariya a wajen wakilin direbobi. Sannan ya mayar da shi cikin kwalinsa ya ce, "Wannan kam, wanda ya saya shi zai ɗaura." Na ce Baba, bayani ga shi nan a rubuce. Ya ce ya ji bayanin, ai ba kurma ba ne.

Yanzu akwatin yana kan rediyonsa. Mota kuma tana tsakar gida, bai fita da ita ba.

Akwai abin da ban gaya maka a salula ba, don kai da an fara magana sai ka ce katinka zai ƙare. Ba nauyi kawai ƙafar ta yi ba. A hatsarin nan wani ƙarfe ya yanke shi a ɗan yatsa, bai ma ji ba sai da muka ga jini a takalmi. Ka san ciwon suga. Har yau wurin bai rufe ba.

Rabonka da gida tun ina goyon Habsatou, ga ta yanzu tana zuwa makaranta. Ka zo ka ɗaura masa abinsa.

Yayarka,
Mero

*

Xiaobei, Guangzhou
Afrilu, 2008

Yaya Mero,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ya sa kaffara ne.

Wato tsoho ya kafa mini tarko da kayana! Na yarda, ciniki a wurinsa na gada, amma bai ba ni duka ba, ya rage na kansa. Ki ce masa na ji, kuma ina tafe. Sai dai ki duba lokacin. Yanzu ake babban baje koli a garin nan, alhazan Kwari sun cika otal-otal, kowa na neman wanda zai riƙe masa hannu zuwa kasuwar Shahe kada a sayar masa da atamfar da ruwa ɗaya zai wanke. In na tafi yanzu, wani ɗan Mali zai kwashe mini mutane. Bari kasuwa ta lafa.

Kafin nan ga shawara. A bar makanike ya ja wayoyin kawai, ya ɓoye su da kyau, ya naɗe shuɗiyar da roba inda za ta goga ƙarfe. Ba ɗaurawa ke nan ba, shimfiɗa ce. Sannan ya ɗan maƙala akwatin na wucin gadi, a gwada a filin ƙwallo, tafiyar hawainiya: akwai abin murɗawa a gefe, in tayar tirela ta ƙame tana jan ƙasa a rage, in ba ta kama ba a ƙara. Ni kuma in na zo sai in ɗaure kusoshin da hannuna, a ɗauki hoto. Kin ga kowa ya ci riba, maganar Baba ba ta faɗi ba, mota kuma ta koma hanya.

Na haɗo da wani man shafawa da wani likitan gargajiya na nan ya rantse mini a kansa, da safa mai laushi ta masu suga. Safar na tabbatar da ita. Man kuwa ki nuna wa likita tukuna, mutumin ya cika rantsuwa.

Ki shafa mini kan Habsatou, ki ce kawunta mai jirgi yana nan zuwa.

Naki,
Ƙasimu

*

Gangare, Jos
Yuni, 2008

Ƙasimu,

Salamu alaikum. Na daɗe ban rubuto ba, muna asibiti.

An yanke ƙafar, daga ƙasan gwiwa. Ta dama. Na hana kowa ya gaya maka a salula saboda shi ya ce kada a tayar maka da hankali kana cikin kasuwa. Yanzu mun dawo gida, kuma ni na gaji da rufa-rufa. Likita ya ce ƙodarsa ma ta gaji. Ya rame, Ƙasimu. In ka gan shi a hanya sai ka wuce.

Dabararka ta shimfiɗa na karanta masa. Ya ce, "Yaron nan yana so ya sayar mini da rabin zuwa." Bai yarda an ja ko waya ɗaya ba.

Da la'asar yakan sa maigidana ya ɗauke shi ya zaunar da shi a mazaunin direba. Ba ya kunna ta. Yana riƙe sitiyari, yana miƙa hannun dama ƙasa yana laluben inda akwatin zai zauna. Jiya ya ce mini ya samo wurin, kusa da gwiwarsa, inda ba sai ya sunkuya ba. Ya san ba zai sake sauka Hawan Kibo ba. Ni ma na sani. Ba birki yake jira ba.

Baje kolin ya ƙare, Alhasan da kansa ya gaya mini da ya zo. Na tambaye shi me ke riƙe ka, ya kalli ƙasa ya ce kai za ka faɗa. To faɗa mini. Mata ce ka yi a can? In ita ce, taho da ita, wallahi babu wanda zai ce uffan. Ni dai kada ka sake aiko mini da safa.

Mero

*

Xiaobei, Guangzhou
Yuli, 2008

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki a bayan shago, na kasa fitowa har Alhasan ya rufe.

Da ma mata ce, da na ji daɗi. Bizata ce ta mutu, shekara uku ke nan. Na ba wani dillali fasfo ya sabunta mini, ya dawo mini da hatimin da ko ni da ban gama sakandare ba na ga na bogi ne. Daga nan na zama irin mutanen da suka cika rabin unguwar nan: muna ciniki, muna sallah, muna aika kaya gida, amma ba mu da ƙofar fita. Filin jirgi ba ya karɓar surutu, Yaya. Shi ne kaɗai wurin da bakina bai taɓa yi mini aiki ba.

Kuma bana abin ya ƙazanta. Saboda wasannin duniya da za su yi a wata mai zuwa, 'yan sanda sun hana kowa sakat. Suna tare bakin gada, suna hawa bene-bene suna ƙwanƙwasa ƙofa. Wani yaro ɗan Gana ya diro ta taga don gudunsu, har yanzu bai tashi ba. Ni rabona da jirgin ƙasa tun watan jiya. Masallaci ma sai in leƙa in ga hanya.

Hanyar fita ɗaya ce. Mutum ya kai kansa wurin 'yan sanda, su tsare shi, su yi bincikensu, a biya tara, a kawo tikiti, sannan su raka shi har bakin jirgi. Wani yakan yi sati biyu a ciki, wani wata uku, babu mai gaya maka. Bayan nan kuma ƙasar ta rufu gare ka shekaru. Shagon, mutanena, yaren da na koya da ƙyar, duk abin da na zama a nan, a nan zai tsaya. Na dinga cewa bari in ƙara kaka ɗaya in tara abin komawa. Kuma gaskiya tsoro nake ji. Ni da ɗaki a kulle ba ma shiri, kin tuna ko ɗakin gwajin kaya ba na rufewa.

Na yi tsammanin zan iya aiko wa Baba da abin da zai tsaya a madadina. Ya fi ni iya ciniki, ya ƙi tayin.

Na damƙa wa Alhasan shago da makullin ɗaki. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan yi wanka, in sa farar shaddata, in tafi da ƙafata. Za su karɓe salula, saboda haka in kin ji shiru kada ki tsorata, Alhasan ne bakina. Kada ki gaya wa Baba inda nake. Ki ce masa ina kan hanya, hanyar ce mai tsawo. Wannan karon ba dabara ba ce.

Ki roƙa mini gafararsa, ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Ƙasimu

*

Xiaobei, Guangzhou
Ramadan, Satumba 2008

Zuwa ga Hajiya Mero,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku danganar rashinsa. Jama'armu ta nan mun yi masa addu'a bayan sallar Juma'a.

Na samu an bar ni na ga Ƙasimu da na kai tikitinsa, ta bayan gilashi, na ɗan lokaci kaɗan. Ya faɗa sosai, sun aske masa kai, amma yana azumi kuma bakin nan yana nan. Har ya koya wa mai gadinsu gaisuwar Hausa.

Na tafi da niyyar gaya masa kamar yadda kika ce. Kafin in buɗe baki ya riga ni. Ya ce in gaya miki a kai batirin motar caji, don ta daɗe a zaune, kuma a nemo masa abin huda ƙarfe a ajiye, ba ya so ya iso ya tsaya nema. Ya ce ranar da ya sauka, ko ruwa ba zai sha ba sai ya gama aikin, Baba na zaune a gefe yana masa faɗa.

Hajiya, ki yafe mini. Na dubi ɗakin da zai koma shi kaɗai, na kasa. Na ce masa to.

Jirginsa zai sauka Kano ranar Laraba ta sama. Don Allah kada ki aiko kowa tarbarsa. Ki zo da kanki.

Naku,
Alhasan