Gaɓoɓin Yatsunki

Zuwa ga Murjanatu, sanyin idona, baƙa mai sheƙi kamar ruwan Kwara da hantsi, wadda tunaninta ke tashina tun kafin ladan ya yi kira!

Mako bakwai ke nan ina ɗaure jirgina a bakin ruwan Yelwa, in ɗaga kai wurin da kike baza bandar kifinki, sai in ga wata zaune. Innarki ta ce rana ce ta hana ki fita, wai da ta taɓa ki sai fatarki ta yi ja, ta hau raɗaɗi kamar an watsa barkono. Rana, Murja? Ke da kika girma a cikinta?

Kin tuna ranar da na kai ku biki Wara? Amarya ta shigo jirgi, bakina ya suɓuce na ce fara ce tas kamar auduga. Kika tsoma hannu a ruwa har muka sauka. Wallahi ko kamannin amaryar nan ba zan iya kawowa ba. Hannunki nake gani har gobe, ruwa na tsagewa tsakanin yatsunki. Kaicona da wannan baki nawa! Shi ya aike ki wurin mai man bilicin.

Ran Juma'a da na zo zaurenku, na rantse ban gane ki ba, saura kaɗan in yi miki gaisuwar baƙuwa. Sai kika ja mayafi, na ga gaɓoɓin yatsunki baƙi wuluk, man bai ci su ba. Kika yi maza kika ɓoye. Amma na riga na ga inda ƙayar tarwaɗa ta yanke ki tun kafin sallah, har yau ciwon bai rufe ba. Ban ci abinci ba ranar.

Don girman Allah ki zubar da man nan, ki je asibiti a duba hannun. In fuska za ta yi dabbare-dabbare kafin ta komo, ta yi! Ni da rana ta mayar kamar gindin tukunya, me zan yi da auduga?

Kada ki ƙara ɓoye mini yatsun nan. Su kaɗai suka rage mini daga Murjar da na sani, kuma zan jira har sauran jikinki ya komo ya tarar da su.

Naki shi kaɗai, yau da gobe, muddin ina numfashi,
Nasiru mai jirgi