Iskar Tayoyin Raƙuma

Daga: Matar mai walda,
Gida mai koriyar ƙofa, kusa da famfo,
Layin Bayan Makaranta.
9 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Kwashe Yasassun Motoci,
Ofishin Kula da Tituna na Hukumar Gari.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ɗauke motar maigidana, a-kori-kura ruwan ƙasa, daga ƙofar gidanmu bisa zaton yasasshiya ce

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina neman izinin kawo kukana gabanka. Ni ce matar mai wannan mota. Na daɗe ina aikin buga takardu a ofis kafin in yi ritaya, don haka na san takardar ƙorafi ba ta son dogon zance. Zan yi ƙoƙari, in na zarce a yi mini uzuri.

1. Ranar Talata, 27 ga Agusta, da hantsi, ma'aikatanku suka zo da janwe, wato motar jan motoci, suka ɗauke motar, lokacin na kai maigidana asibiti. Maƙwabciyarmu ta fito da gudu ko mayafi ba ta gama yafawa ba, ta ce musu motar nan da mai ita. Babbansu ya nuna mata tayoyin, ya ce motar da tayoyinta huɗu suke a sace ba ta da kowa. Ban ga laifinsa ba a kan abin da idonsa ya gani. Laifinsa ɗaya, bai tambayi wanda ya sace iskar ba.

2. Ranka ya daɗe, sai na koma baya kaɗan. Shekara tara ke nan da maigidana ya sayi motar, ƙasa-ƙasa kamar ta kowa, don kai wa mutane ƙofofi da tagogin da yake ƙerawa. Daga baya ya haɗu da abokai masu shiga daji ranar hutu, su bi rafi da duwatsu da yashi inda babu hanya, ba don neman komai ba sai don a ce an wuce. Ya fara da ƙara mata ƙarfe a sifirin, ta ɗan tashi. Da ta tashi sai ya ce tayoyin sun yi mata ƙanana, ya sa manya. Manyan suka riƙa gogar bodi in ya karya kwana, ya yanke bakin bodin, ya sauya shokozoba, ya sake ɗaga ta. Da ya ga an samu sarari kuma sai ya ce ai zunubi ne a bar shi haka, ya kawo wasu tayoyin masu haƙora da suka kusa kai mini ƙugu. Duk ɗagin da ya yi sai da ya kai ta ofishin duba motoci aka amince, kwafin takardun na nan haɗe da wannan.

Ni kuwa babu ɗagin da ban yi masa faɗa a kai ba. Mutanen layinmu suka sa mata suna Raƙuma, ni kuma na ce sun ci mutuncin raƙumi, don shi yana durƙusawa a hau shi, ita ba ta durƙusa wa kowa. Na rantse na daina shigarta, tunda mace mai zani ba za ta tsaya tana dambe da mota a gaban jama'a ba. Washegari na fito na tarar ya yi mata waldar matakin ƙarfe a ƙarƙashin ƙofar da nake shiga, har da mariƙi a sama, ya shafa musu fenti irin launin da nake so.

3. A watan Janairun bana ya faɗi a shagonsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Mutumin da yake ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai ya koma sai an juya shi. A asibiti ya ƙi duk motsa jikin da aka ba shi, sai ya kafa wa bango ido. Likitar motsa gaɓoɓi, Allah ya saka mata da alheri, ta tambaye ni abin da ya fi so a duniya. Na so in ce ni ce, amma na faɗi gaskiya. Ta ce to mu riƙa fitar da shi wurin motar kowace safiya, ya gwada ɗora ƙafa a kan matakin.

Muka gwada, ni da ƙaninsa muna riƙe da shi. Matakin da ya yi mini da hannunsa ya fi ƙarfin ƙafarsa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa hannun hagu yana nuna bakin da ake yi wa taya iska. Ni ban gane ba, ƙanin ne ya gane, don ya sha bin su daji: in mota ta shiga yashi mai zurfi, rage mata iska suke yi ta samu ta fita. Ya durƙusa ya sace tayoyin ɗaya bayan ɗaya, muna tsaye muna jin iskar na fita, motar na sauka a hankali. Ranka ya daɗe, ranar Raƙuma ta durƙusa, kuma na yi kuka a tsakiyar titi ban ji kunyar kowa ba.

Mai facin bakin layinmu ya gargaɗe mu cewa tayoyin za su tsage in suka daɗe haka. Maigidana, wanda a da ko jingina ba ya bari a yi da su, ya ɗaga kafaɗarsa mai lafiya. Sai muka yi tsari: duk sanda ƙafarsa ta saba da hawa matakin ba tare da an ɗaga masa ita ba, mai faci ya zo ya ƙara iska kaɗan, matakin ya ɗan tashi. Iskar da ma'aikatanku suka raina, wata da watanni ya yi yana neman ta da gumi. Ana gobe za a ɗauke motar ya taka matakin, ya kama mariƙin, ya ja jikinsa har ƙugunsa ya taɓa kujera. Ya yi dariya da rabin bakinsa, ita ce ta farko tun da ya kwanta.

4. Na je ofishinku ranar 28 ga Agusta, na koma ranar 3 ga Satumba. Akawun da na samu ya karɓe ni da mutunci, amma ya ce doka ita ce mai mota ya zo da kansa, ya tayar da ita, ya tuƙa ta ta fita daga harabarku, in ba haka ba za ta shiga gwanjo ranar 30 ga wannan wata. Ƙanin maigidana, wanda yake tayar da injinta kowane mako, ya ce zai tuƙa, aka ce ba sunansa ne a takarda ba. Wato ana neman maigidana ya yi yau abin da muke roƙon Allah ya kai shi nan da shekara.

5. An bar ni na leƙa ta a cikin gawarwakin motoci. An rubuta YASASSHIYA da jan fenti a gilashinta na gaba. Wannan kalma ita ta fi yi mini ciwo. Babu safiyar da ba mu je wurinta mu uku ba, ban san motar da ake gaisarwa kamarta a garin nan ba.

6. Tun ranar da aka ɗauke ta maigidana bai sake yarda an fitar da shi ba. Da muka dawo daga asibiti ya ga wurin wayam, sai shatin tayoyi huɗu a ƙasa, ya ce a kai shi ɗaki. Ƙaninsa ya haɗa masa matakin katako daidai tsayin wancan, ya kalle shi ya rufe ido. Likitar ta ce ƙafar ta fara sandarewa, kuma abin da aka samu cikin watanni yana iya tafiya cikin makonni. Jiya ina shafa masa man zafi ya yi maganar da ta fita sarai, ya ce, “Ina take?” Na ce tana nan zuwa. Ina roƙon kada ka bar ni a matsayin maƙaryaciya a wurinsa.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon a cire motar daga gwanjo, a turo wanda aka amince da shi gidanmu ya ga mai ita da idonsa, sannan a mayar da ita inda aka ɗauke ta, shatin yana nan ban bari an share ba. Ba na neman a hukunta kowa. Fentin ma ni zan kankare da kaina kafin ya gani.

Roƙona na ƙarshe shi ne wanda nake tsoron a manta. Wani dattijo mai gadin harabarku ya tausaya mini, ya ce in an sake ta zai sa a cika mata tayoyi taf, ta koma gida da kwarjininta. Na gode masa, amma don Allah a hana shi. In ta dawo a miƙe, matakin ya wuce inda ƙafar maigidana ta kai. A dawo mana da ita a durƙushe, sauran iskar shi zai ƙarasa.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba ka ikon duba wannan kuka da idon rahama.

Mai biyayya gare ka,

(sa hannu)
Matar mai walda,
a madadin maigidanta, wanda hannunsa bai kai ga riƙe biro ba tukuna.