Takardun Mma a Kwamfutar Baba

Tamale, Litinin

Ƙanena Sadick,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Hikma da yara. Yaya jikin Mma? Na rubuto na ba direban motar Kumasi ne, don a waya da na fara magana sai ka ce ba ka ji na.

Likitan da zai yi wa Mma aikin zuciya a asibitin da nake aiki ya ce ba zai taɓa ta ba sai ya ga sakamakon gwajin da baƙin likitocin nan suka yi mata bara. Sun koma ƙasarsu, kuma ta imel ɗin Baba suka aiko da komai kafin rasuwarsa. Shi ma likitan namu ƙarshen watan nan zai tafi. Kai kuma kullum maganarka ɗaya, wai imel ya ƙi buɗewa. Kwamfutar da Baba ya yi shekaru yana dannawa da yatsa ɗaya ita ce ta gagare ka? Na san tun farko ba ka son Mma ta bar Zongo. In haka ne ka fito ka faɗa min, ka bar ɗora wa inji laifi.

Yayarka,
Lariba

Kumasi Zongo, Laraba

Yaya Lariba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Mma da sauƙi, sai dai ko tsakar gida ta ratsa sai ta tsaya ta huta.

Gaskiya ne ba na son a ɗauke ta, amma ban ɓoye komai ba. Saƙonnin Baba ba sa kan intanet. Manhajar da yake amfani da ita tana sauko da su ne ta tara a fayil guda cikin kwamfutar. Yanzu da na buɗe ta sai ta ce ba ta ga fayil ɗin ba, ta rufe kanta. Na kashe na kunna, na cire manhajar na sake sawa, duk a banza.

Na kai ta Adum, unguwar kasuwanci a tsakiyar Kumasi. Mai gyara na farko ko kallon kirki bai yi mata ba ya ce a goge komai, na ɗauke abata na fita. Na biyun, Abdul-Kudus, ya nemo fayil ɗin. Yana nan da nauyinsa, a cikin wata ma'ajiya mai suna "Mai Gida". Ni dai ban san wannan ma'ajiyar ba. Ya ce in dawo in layi ya ragu.

Kwamfutar a ɗakin Mma take tun bayan addu'ar arba'in, Hikma ce ke kunna mata karatun Alƙur'ani a ciki. Na tambaye ta ko ta taɓa wani abu, ta yi shiru.

Ki gaida mai gidanki.

Ƙanenki,
Sadick

Tamale, Juma'a

Sadick,

Salama. Ashe ɓarawon a ɗakinka yake kwana. Ta yi shiru, kai ma ka yi shiru? Wa ke cin amfanin zaman Mma a gidan nan in ba matarka ba? Mma ce ke riƙe mata yara tana kasuwa. In an kawo ta Tamale wa zai goya mata? Fayil ba shi da ƙafa, Sadick, mutum ne ya ɗauke shi ya ɓoye.

Tsoro nake ji, wallahi. Na rasa Baba ina kan hanya, ba zan zauna in rasa Mma saboda kunyar matar ƙanena ba. Na kira Kawu Rashid na gaya masa komai. Tunda kai ba za ka iya sa ta magana ba, shi zai iya.

Lariba

Kumasi Zongo, Lahadi

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ga takardun nan a cikin ambulan, an buga su duka. Imel ya buɗe.

Jiya na koma Adum tare da Hikma. Abdul-Kudus ya ce ba a ɗauke fayil ɗin ba, ba a goge ko saƙo ɗaya ba. Sunan ma'ajiyar kawai aka canza, ita kuwa manhajar da tsohon sunan take nemanta, kamar mai kawo saƙo da aka sauya wa lambar gida. Ya juya ya tambayi Hikma, "Wane suna ne a kai a da?" Ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ta ja mayafi ta rufe baki. Nan na gane. Na jawo kwamfutar na rubuta sunan Baba da hannuna, saƙonni suka zubo.

Amma kin riga mu. Muna dawowa muka tarar da Kawu a tsakar gida, ƴan haya duk sun fito. A gabansu ya ce wa Hikma tana so ta kashe uwar mijinta. Ta shiga ɗaki ta ɗauki ƙaramin, ta hau trotro, motar haya, zuwa gidan iyayenta a Ayigya. Har yanzu ta ƙi gaya min dalilin da ya sa ta canza sunan.

Raina ya ɓaci da ke, Yaya, ba zan ɓoye ba. Mma ta ce in bar mata wuri a ƙasa, tana da magana. Abin da ta faɗa na rubuta.

Sadick

Lariba,

Ina gaishe ki. Ni ce na sa ta. Kullum aka kunna min karatu sai sunan babanku ya fito tsirara a gaban idona, jikoki suna karantawa da ƙarfi kamar sunan abokin wasansu. Tun da aka kawo ni gidan nan bakina bai taɓa kama sunansa ba. Na ce wa yarinyar ta rufe masa, ta rufe. Ita ma surukinta ne, ta yaya za ta faɗe shi a shagon mutane? Kuma ba ta yarda ta ce ni ce ba.

Ga takardunki. Amma ba zan hau motar Tamale ba sai kin zo da ƙafarki kin je Ayigya kin dawo min da ita. In likitan zai tafi, Allah Ya kai shi lafiya.

Mma