Ƙorafi Kan Mayar da Wayoyinmu Siga 2.9

Sa'adiya Jibo,
Jami'ar Rajista,
Ruwan Bago, Rogo.
16 ga Yuni, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Ƙungiyar Manoman Gyaɗa ta Alheri,
Karaye.

Ranka ya daɗe,

Game da: Ɓatan sunayen manoma 143 daga rajistar iri

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 2 ga Yuni aka sa mana siga 2.10 ta manhajar rajista a wayoyin aiki. Da ita na bi gida gida na rubuta manoma 143 masu jiran irin gyaɗa.

2. Ranar Laraba, 11 ga wata, mai kula da shiyyarmu, Malam Zubair, ya duba wayata ya ce an ba mu tsohuwar siga. A lissafinsa na tsohon malamin makaranta, 2.10 daidai take da 2.1, don haka 2.9 ta fi ta. Na yi masa bayani cikin ladabi cewa lambar bayan ɗigo ƙidaya ce, daga tara sai goma. Ya ce shi ya koya wa yayana lissafi. Gaskiya ne, shi ya sa na bar masa wayar, kuma har yau ina cizon yatsa.

3. Ya goge 2.10 ya sa 2.9. Tsohuwar ba ta buɗe abin da sabuwar ta adana. Sunayen suna cikin wayar, amma ba ta nuna ko ɗaya.

4. Ba shi kaɗai ke da laifi ba. Ofis yana turo siga ba kwanan wata, ba takardar da ta ce ga abin da aka canza. Da akwai ko layi biyu, da na nuna masa.

5. Ruwa ya sauka, ranar Juma'a za a rufe rajista. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Don haka ina roƙon a dawo mana da 2.10 kafin Alhamis, kuma daga yau kowace siga ta zo da kwanan wata da bayaninta a rubuce.

Idan hakan ba zai yiwu ba, a taimaka a turo wanda zai gaya wa Inna Maiturare, dattijuwar da ta gama sharar gonarta ita kaɗai, cewa sunanta ba ya ciki. Sau uku tana zuwa ƙofata, ni dai na kasa.

Na gode, a huta lafiya.

Taku mai biyayya,
Sa'adiya Jibo