Bogar Aziza da Shagon Littattafaina

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

A rubuta a ajiye: yau ni Labaran, ɗan fansho, na kafa kwamitin binciken boga. Ni ne shugaba, ni ne sakatare.

Dalili: Aziza, autata, shekara uku da gama makaranta ba aiki. Tana so in kwashe littattafaina daga shagon ƙofar gida ta riƙa sayar da boga. Na ce wannan ba abinci ba ne, nama ne da ya ji kunya ya ɓuya a burodi. Ta ce, "Baba, ka taɓa ci?" Ban taɓa ba. Zan ci a wuri uku in kawo mata hujja.

Laraba, 4 ga Satumba

Unguwar Rimi. Wuri mai gilashi da sanyin asibiti. Burodin zaƙi kamar na walimar suna, ga shi ya jiƙe jagab. Na ciza ta gaba, kabeji ya fita ta baya, ya sauka a kan farar shaddata. Naman kuwa sai da na ɗaga burodin na leƙa, kamar mai duba mara lafiya.

Bayan la'asar na zayyana wa Aziza komai. Ba ta musa ba. Kanta a sunkuye, tana ta latsa waya. Yaran yanzu.

Juma'a, 6 ga Satumba

Kawo. Nama busasshe, sai ka ce tafin takalmi. Babu kitse, babu yaji, babu tausayi. Na sha ruwa leda biyu.

Asabar, 7 ga Satumba

Ciwon ciki.

Talata, 10 ga Satumba

Malali. Sun zuba mayonis kamar masu yaɓen ɗaki. Wanda ya amince da namansa ba ya binne shi haka. Na faɗa wa Aziza: in dai dole ne, nama ya zama na yau, da ɗan kitsensa, ya ji wuta ta waje ya bar ruwansa a ciki. Burodi a gasa fuskarsa don ya riƙe romo. Albasa ɗanya, yaji kaɗan, shi ke nan. Tunda ba mai yin haka a garin nan, magana ta mutu.

Saratu, uwarta, ta ce, "Malam, kai da ba ka son abu, ka fi masu shi saninsa."

Alhamis, 12 ga Satumba

Aziza ba ta fito gaishe ni da fara'a ba kwana biyu. Na shiga shago na kaɗe ƙura. Wasu littattafan tun rasuwar mahaifina ban buɗe su ba. Gara ta ci bayan ƙamus.

Lahadi, 15 ga Satumba

Da azahar Aziza ta durƙusa ta ajiye min farantin boga. Nama daga wurin Isiyaku mahaucin layinmu, burodi daga Rigasa, an gasa fuskarsa. Ta buɗe waya ta karanto min maganganuna ɗaya bayan ɗaya, har da "babu tausayi". Ashe rubutawa take yi.

Na ci da farar riga da gangan. Ko ɗigo.

Na ce gishiri ya ɗan yi yawa. Bai yi ba.

Litinin, 16 ga Satumba

Littattafai sun koma ƙarƙashin gado, kwali tara. An rushe kwamiti. Shugaban ya yi kuskure. Sakataren ne kawai ya yi amfani, shi ma ashe Aziza ce ta riƙe masa alƙalami.