Zomaye a Lambun Tuffa

Margilon, 9 ga Mayu

Zuwa ga ƙanina Tursunali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sassauta maka ciwon bayan da aikin masana'anta ya jawo maka, Ya sa zamanka a Koriya ya ƙare da alheri. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Maigidana, yayanka Normat, yana fama da gwiwa kamar kullum, amma bai fasa zuwa masallaci da ƙafa ba. Saniyarmu ta haihu, mace. An sako ruwan noma da wuri bana, har auduga ta tsiro a gonakin bayan gari. Ranar Alhamis na sa an share kabarin Inna da na Baba da na matarka Sanobar, Allah Ya jiƙansu da rahama.

Na rubuto maka a takarda ne don yau sati shida ba ka ɗaga wayata, ba ka ɗaga ta 'yarka Muhayyo. Maƙwabcinmu Abdumalik zai koma wajenku ranar Asabar, ya yi mini alkawarin zai damƙa maka ita hannu da hannu. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe, in ya so ka ci gaba da fushinka.

Na san abin da ka gani, na kuma ji cewa abokan aikinka ne suka nuna maka a waya suna dariya. Ga Muhayyo tsaye a ƙofar rumfar zomayen da kai da Sanobar kuka gina da hannunku, tana riƙe da kwali, tana gaya wa duniya a daina tsare zomo a keji, a daina cin namansa. Na san ya yi maka ciwo, don da rumfar nan ka yi mata karatu. Amma bidiyon minti biyu ne. Ni kuwa sati shida na yi da ita a gida ɗaya, kuma ni na riƙe ta tun rasuwar uwarta, saboda haka bari in ba ka sauran labarin.

Bayan bikin Nauruz na shigowar bazara ta zo daga Samarkand tare da ƙawayenta biyu, 'yan ƙungiyarsu ta kare dabbobi, dukkansu masu koyon likitancin dabbobi irinta. Na dafa musu shinkafa da karas da naman zomo, yadda take so tun tana ƙarama. Ta dubi farantin ta ce, “Goggo, ki yi haƙuri, gurasa da shayi sun ishe ni.” Yayanka ya ce to madalla, an tura yarinya ta koyo maganin dabba, ta dawo lauyar zomaye. Ya tambaye ta da me za su riƙa sallamarta, da karas ko da kabeji. Ta yi dariya, amma ba ta ci ba. Washegari da safe suka shiga rumfa suka ɗauki hoton nan. Ba su nemi izinina ba, ballantana naka. Na gaya mata wannan laifi ne, ta sunkuyar da kai ta amsa.

Kafin kwana uku gari ya ɗauka. A majalisar shayi ana tambayar yayanka ko yanzu sai ya nemi afuwar zomo kafin ya wasa wuƙa. Ni kuma a bakin tanderu mata suna cewa, “Wai Gulandom, da gaske ne a gidanku sai an yi wa zomo sallama?” Ƙawayen suka koma makaranta. Ita ta nemi hutu ta zauna. Ta ce ba za ta yi magana a kan gidan ubanta sannan ta hau jirgin ƙasa ta bar mu da surutun ba.

Shekara goma sha ɗaya ina ciyar maka da zomayen nan safe da yamma, Tursunali, ban taɓa juya ɗaya na dubi tafin ƙafarsa ba. Ita ta juya mini. Ta ɗauko wata tsohuwar uwa mai launin toka, ta kwantar da ita a gwiwar hannunta, ta ce, “Goggo, taɓa nan.” Gashin ƙafar ya zube, wurin ya yi ja ya kumbura saboda ragar ƙarfen da take tsaye a kai, kuma da zafi kamar goshin mai zazzaɓi. Ta ce shekara uku ke nan wannan tana cikin kejin da ba za ta iya miƙewa tsaye a ciki ba, ba ta gama yaye ba an sake haɗa ta da namiji. Ba ta ɗaga mini murya ba, ba ta yi mini wa'azi ba. Daga ranar kullum da safe tana yanka katako tana shimfiɗa musu a kan ragar, tana shafa musu magani. Wata safiya na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta. Hasken rana yana saukowa ta ɓulolin kwano, gashin zomaye yana yawo a cikinsa a hankali kamar auduga, ita kuma tana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Muryar Sanobar ce sak. Na daɗe tsaye da bokiti a hannu, na rasa ko wace shekara muke ciki.

A tsakiyar Afrilu, da tuffa ta yi fure, ta roƙe ni mu fito da iyayen zomaye ashirin mu sake su a lambun bayan gida, tunda katanga ta kewaye shi. Yayanka ya ce babu ruwansa da wannan shirme, amma ya ɗauko butar shayinsa ya zauna a gadon katakon da ke ƙarƙashin inabi. Muka kwaso su a kwanduna muka ajiye a kan ciyawa. Na zaci da gudu za su watse. Ko ɗaya bai motsa ba. Kowace ta lafe a inda aka ajiye ta, kunnuwa a kwance, furanni suna zubo musu a baya, fari a kan fari. Ba ka jin komai sai ruwan da ke ratsa lambun da ƙudan zuma a saman itatuwa. Da suka fara motsi kuma, taku uku kowace take yi ta juyo, taku uku ta juyo, daidai faɗin kejinta, alhali ga fili har katanga.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Inuwa dai ta matsa. Can sai mai launin tokar nan ta yi taku na huɗu. Ta tsaya tana shinshinar iska. Ta miƙe a kan ƙafafun baya, a hankali, kamar tsohuwar da ta tashi daga doguwar jinya, ta dubi sama. Sai kawai ta daka tsalle, ta murɗe a iska, ta faɗo a gefe ɗaya, ta zauna tana mamakin kanta. Ta sake. Sauran suka fara bin ta ɗaya bayan ɗaya, har lambun ya zama kamar tafasasshiyar madara. Dariya nake yi, amma da na shafa fuskata sai na ji ta jiƙe. Muhayyo tana durƙushe, hannu biyu a baki. Yayanka kuwa shayinsa ya huce a hannunsa, har fure ya faɗa ciki bai sani ba.

Kada ka ɗauka komai ya tafi daidai. Da muka fito da 'ya'yansu, a satin farko shaho ya ɗauke ƙanana biyu a kan idonmu. Iyayen suka riƙa faɗa, har aka yage wa ɗaya kunne. Wasu suka haƙa rami ta ƙarƙashin katanga suka shiga gonar Hoji Mirkomil suka cinye masa karas ɗin da ya tsiro. Ya zo har ƙofar gida yana cewa a gaya wa lauya mutanenta ɓarayi ne, ko ta zo ta yi belinsu ko ya kai su tukunya. Kwana biyu Muhayyo ta yi tana sake masa shuka, ya tsaya a kanta yana gyara mata layi. Ranar da shaho ya ɗauki na biyun ta zauna a gindin katanga ta yi kuka sosai. Ta ce mini a Samarkand sun rubuta “a sake su” a kan kwalaye, amma babu ɗaya a cikinsu da ya san abin da ke biyo bayan sakin. Daga nan ta binne duwatsu a gindin katangar, ta ja raga a saman kusurwa ɗaya, ta raba masu faɗa.

Sai ga ranar zuwan mai gidan abincin nan na Fargona, wanda ka yi wa alkawarin zomaye arba'in tun kafin sanyi ya wuce. Da safe muka tarar da Muhayyo zaune a ƙofar rumfa. Yayanka bai yi mata tsawa ba. Ya ce, “'Yata, alkawarin ubanki ne, ni kuma ba zan mayar da shi maƙaryaci yana ƙasar mutane ba.” Sai ta miƙe ta ce to, amma ba za a ɗauki ko ɗaya ta kunne ba, ita za ta kawo su. Haka ta yi. Ta rungumo kowanne a ƙirjinta, tafin hannunta a kan idonsa, ta kai shi ƙofar ɗakin baya inda ake yanka, ta miƙa wa yayanka, ta koma ta ɗauko wani. Sau arba'in. Ba ta yi kuka ba, sai dai leɓenta da ya yi jini don cizo.

Da motar mai gidan abincin ta tafi, yayanka ya durƙusa a bakin ruwa yana wanke hannu, ya wanke ya sake wankewa. Bai dube ni ba ya ce, “Gulandom, kin san rabona da cin naman nan?” Na daɗe ina ganin yana ture shi gefen faranti, na ɗauka haƙori ne. Ya ce shekara biyar. Ya ce in wuƙa ta ɗan kuskure, kukan da zomo ke yi bai da bambanci da na jinjiri, kuma yana bin sa har cikin salla. Ya yi shiru ne kawai don rumfar taka ce, kai kuma kana can kana wahala. Ya ce kada in gaya maka. Ga shi na gaya maka.

Yanzu ga abin da na aikata, kuma da hannuna na yi, ba da nata ba. A ranar, bayan la'asar, na ware mazan daga matan. Tun daga lokacin ba a sake haɗa ko ɗaya ba. Saura tamanin da 'yan kai, suna fita lambu rukuni-rukuni. Rumfa taka ce. In ka ce a mayar da komai yadda yake ba ni da ikon hana ka, sai dai ka nemi wani mai yankan. Ban ce naman zomo haramun ne ba, na ma gaya mata Allah Ya halatta shi. Ta ce ita ba da halaccin take ja ba, da kejin take ja. Har yanzu muna musu, ina dafa kazata tana hararar tukunyar. Abin da ke shigowa gida zai ragu, na sani. Akwai saniya, akwai tuffa, ga masu lambu suna ta zuwa neman takin. Za mu ci, za mu sha.

Shekaranjiya bayan azahar barci ya ɗauke ni a ƙarƙashin inabin. Na ga Sanobar tana ratsa itatuwa, ta cika gaban rigarta da ciyawa, ba ta sauri. Na kira ta in tambaye ta ko na yi daidai, sai ta juyo ta ce in kula da ƙofar lambu, ta wuce. Na farka ban san fassararsa ba, na dai je na duba ƙofar, a rufe take.

Muhayyo ta koma Samarkand ranar Laraba, jarrabawa ta matso. A tasha, muna jiran jirgi, na ga ta manna waya a kunne alhali ban ji ta yi ƙara ba. Na tambaye ta wa ke magana. Ta ji kunya, sannan ta sa mini a kunnena. Wani tsohon saƙonka ne na lokacin sanyi. Kana tambayarta ko ta sayi safa mai kauri, ka yi tari, wani ya kira ka da yarensu na can, saƙon ya yanke. Ta ce kullum sai ta saurare shi kafin ta shiga aji. Ba ita ta sa ni rubuto maka ba, ba ta ma san na rubuto ba. Ban ce ka yarda da ra'ayinta ba, ƙanina. In faɗa za ka yi mata, ka yi, tana da laifinta. Amma ka yi mata shi da bakinka.

Yayanka Normat yana gaishe ka ƙwarai. 'Yarmu Mastura da mijinta da yaransu suna gaisuwa, haka ma Goggo Oyposhsha, wadda ta ce a gaya maka ta gaji da jira, ka zo ka gan ta tun tana gane mutane. Ka gaishe mini da Sobirjon ɗan Kawu da matarsa Hulkar. Abdumalik zai ba ka busasshiyar tuffa da ganyen shayi da man shafawa na baya. Allah Ya tsare ka, Ya dawo mana da kai lafiya.

Muhayyo tana fitowa daga aji ƙarfe biyu na rana, wato shida na yamma a wajenku, daidai lokacin tashinka daga aiki.

Yayarka,
Gulandom