Rawanin Gwadabe a Kan Tabarma

Takarda ta fito daga Gwadabe, dagacin Tudun Kanya ta wajen Kudan, zuwa ga aminina tun makarantar allo, Malam Zainulabidin, malamin ofishin hakimi a Makarfi. Gaisuwa da aminci, da tambayar iyali da gajiyar aiki.

Bayan haka, dogari ya zo jiya, wai Tudun Kanya ta ba da mutum goma sha biyar a kai su haƙar kuza Bukuru, wata huɗu, saboda yaƙin Turawa. Malam, goma sha biyar fa. Bara na ba da goma, takwas suka dawo, su ma suna tari kamar tsofaffin awaki. Ni na shiga gidan Indo da ƙafata na gaya mata babban ɗanta ya mutu a can cikin sanyi. Ba zan sake shiga gidan kowa da irin wannan magana ba.

Ga rake ya nuna a fadama. Wa zai sara, wa zai kora dokin injin matse rake, wa zai tsaya kan kaskon mazarƙwaila? Yau Juma'a a ƙofar masallaci na rantse gaban jama'a, ina dagaci ba za a ɗauki ko mutum ɗaya ba. Alhamis za mu hallara gaban hakimi. Abin da ke bakina zan faɗa, mai jin haushi ya ji. Wassalam.

*

Daga Zainulabidin zuwa ga Dagaci Gwadabe, Allah ya ja zamaninka. Gaisuwa mai yawa.

Na ga takardarka, kuma raina ya ɓaci da rantsuwar nan. Tun muna yara haka kake, bakinka ya riga tunaninka isa wuri. Ka saurare ni, wannan maganar tsakanina da kai ce. Hakimi ya roƙi Di'o, Baturen mulki, a ɗauke wa garuruwan da ke yi wa soja mazarƙwaila wannan diba, ni na rubuta takardar da hannuna, Tudun Kanya ce ta biyu a ciki. Amsa za ta iso Asabar in Allah ya yarda. Abin da ake bukata kawai, dagaci ya zo ya shaida injinansa nawa ne, ya sa hatimi.

Don girman Allah, ran Alhamis kome aka ce maka ka ce to. Ba wanda zai tambaye ka sunaye a ranar. Kwana biyu kacal nake roƙonka, Gwadabe. Ka gaida mutan gida. Wassalam.

*

Daga Lantana, yayar Gwadabe, da ke aure a Ikara, zuwa ga Malam Zainulabidin. Limamin unguwarmu ne ya rubuta mini. Ina gaisuwa, ina gaida uwargida da yara.

Malam, me nake ji? Na kai daddawa kasuwa sai wata mata 'yar Kudan ta riƙe hannuna tana yi mini jaje, wai an ga ƙanena ya fito daga gaban hakimi da hula kaɗai. Na ce mata ƙarya ne, na dawo gida ban sayar da ko ƙulli ɗaya ba. Ni na goya Gwadabe bayan rasuwar innarmu, na san zuciyarsa. Yana shekara bakwai ya fasa tulun gidanmu don an ce ba zai iya ɗauka ba, ya zauna yana kuka ya fi kowa. Mutumin kirki ne, wallahi ba ya iya ganin ana cutar wani, amma ba ya jira. Ka gaya mini gaskiya, kada ka rage mini kome. Na bar ka lafiya.

*

Daga Zainulabidin zuwa ga Yaya Lantana. Gaisuwa da girmamawa.

Abin da kika ji haka ne, ina wurin. Da farko ya yi yadda na roƙe shi. Aka karanta goma sha biyar, ya sunkuyar da kai ya ce to, har na yi hamdala a zuciyata. Sai Mamuda, ɗan baffanku da ya daɗe yana hangen sarautar nan, ya ce daga baya, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, ashe rantsuwar ƙofar masallaci ba ta kai Makarfi ba ta gaji.

Yaya, na ga wuyan Gwadabe ya kumbura. Na kafe shi da ido, ya ƙi dubana. Ya miƙe ya warware rawaninsa, ya ajiye a kan tabarma gaban hakimi, ya ce a nemi mai sayar da mutane ya naɗa. Hakimi, Allah ya saka masa, sau uku yana cewa, Gwadabe ɗauki rawaninka. Ya juya ya fita. Kin san wanda ya ajiye rawani gaban jama'a ba a mayar masa, ga kuma manzon Di'o zaune yana kallo.

Nan take aka ba Mamuda riƙon gari. Shi ba shi da rake ko kara ɗaya, so yake a ga ƙwazonsa, washegari ya kawo sunaye goma sha biyar. Asabar da hantsi aka sa su jirgin ƙasa. Takardar yafewa ta iso da la'asar, tana nan gabana.

Saura guda. Cikin sunayen har da Sani, ɗan Indo da ya rage mata. Gwadabe ya tarar da su a tasha, ya cire Sani daga layi ya tsaya a wurinsa. Mai ƙirga bai damu ba tunda lissafi ya cika. Ban ji ba sai da jirgi ya tashi. Ki yi haƙuri. Wassalam.

*

Daga Gwadabe, a barikin kuza, zuwa ga Malam Zainulabidin. Gaisuwa. Wani mai komawa Zariya zai kawo maka wannan.

Na ji labarin takardar Asabar. Ba sai ka ce kome ba. Takardarka sau uku na karanta ta, na tafi Makarfi da niyyar yin shiru, Allah ne shaidata. Da Mamuda ya yi magana sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi, ban san lokacin da hannuna ya kai kaina ba. A lokacin gani nake na yi abin maza. Yanzu kullum da safe ina duban mutum goma sha huɗu tsaye cikin ruwan sanyi har gwiwa, da kwanon ɗaukar ƙasa a ka, na san ni na kawo su. Abin da ya fi ci mini rai, har yanzu Dagaci suke ce mini.

Ina yin abin da zan iya. Wanda zazzaɓi ya kama nakan ɗauki kwanonsa in haɗa da nawa don kada a hana shi abinci. Na yi faɗa da helima, shugaban lebura, kan barguna, an ba mu shida, mun raba wa masu tari. Ni ma ina ɗan yi, ba mai yawa ba, kada ka gaya wa Yaya. Ka sa a sare rakena a raba wa matan mutanen nan. Ka yafe mini, Zainu, ka yi iyakar ƙoƙarinka. Sai Allah ya sada mu.

*

Daga Zainulabidin zuwa ga Yaya Lantana. Gaisuwa.

Mutanen Tudun Kanya sun sauka jiya. Na je tasha da kaina. Sun rame, amma kowa da ƙafarsa ya sauko, matansu na ta murna. Na ƙirga su sau biyu, goma sha huɗu ne. Sun ce kwana tara ya rage musu su taso Allah ya yi wa Gwadabe rasuwa, su suka yi masa wanka da salla.

Ina tafe Ikara gobe. Ban so ki ji a kasuwa ba. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri. Wassalam.